Ɗinkin Koma

Nomau ya tafi Legas bara waccan,
ya bar mini manhajar nan kamar gidan gado:
ɗaki a bayan ɗaki, wata ƙofar bango take buɗe wa.
Ran da ya fara ta, injin casa ɗaya ne a Yelwa,
layi ɗari uku suka ishe shi.
Yau injuna goma sha ɗaya, har Ngaski, har Shanga,
layukan sun haura dubu ashirin.

Ya raɗa wa wani abu suna "abu".
Na kusa da shi, "abu biyu".
Can ƙasa na tarar da "abu sabo na gaskiya".
Allah ya shirye ka, Nomau, to wanne ne na ƙarya?

Ranar Laraba shanshera ta yi kuɗi.
Wuri goma sha huɗu aka rubuta farashin buhu,
na gyara sha uku.
Na sha huɗun ya ci wa Inna Ige dubu shida.
Ta zo da takardarta ƙulle a bakin zane,
ba ta yi faɗa ba.
Tsayawa kawai ta yi.

Da yamma na iske Baba a bakin Kwara,
koma a kan gwiwa, zare a baki.
Idon da yake ɗinkewa ko ɗan tsako bai wuce ta ciki.
Na ce, wannan ai bai kai a kula ba.
Ya ce, giwan ruwa ta san inda ka yi lalaci.

Mako biyu ban ƙara komai ba.
Na tara farashin wuri guda,
na ba kowane abu sunan da zai amsa,
na share layi dubu da ba mai taka su
sai tsoro.
Na kafa gwaji ya riƙa ihu in an taɓa kuɗin mutane.

Alhaji Tukur ya leƙo allon, ya ce,
"Ina sabon abin? Ni ban ga komai ba."
Na ce, shi ne aikin, Alhaji.
Bai gamsu ba. Janareta ma ta mutu.

Ke Hadiyatu, da kika fara zuwa jiya,
na bar miki bayani bisa kowace ƙofa:
me ya sa, ba me ba.
Inda na yi faci na rubuta "faci ne".
Wata rana za ki zage ni kamar yadda na zagi Nomau.
Ina roƙo ya zama zagi gajere.