Yadi Goma

Ni tela ne a Idi-Araba,
shagona yana kallon kwata.
Ranar da Koci Adeyinka ya shigo da buhun riguna
masu kafaɗu kamar tozon sa,
na ce wace irin ƙwallo ce wannan
da sai an sa mata hular kwano?
Ya zaro ta daga jaka, ga ta kamar gwanda,
da ɗinki a cikinta kamar wadda ta fito tiyata.
Ya ce, "Yadi goma ake nema, sau huɗu ake gwadawa."
Na ce ashe sana'armu ɗaya.

Shekarar farko wasa ɗaya muka ci,
shi ma cunkoso ne ya riƙe abokan karawa a Oshodi.
Ta biyu mai kamfanin lemo ya janye kuɗinsa,
na kwana da reza ina farke sunansa
daga ƙirji arba'in da biyar.
Ta uku ruwa ya cinye filinmu na Surulere,
yara suna atisaye, kwaɗi suna kallo.
Ta huɗu Ikenna mai jifa ya samu biza,
ko sallama.
Na rage rigarsa, lamba bakwai, har sau biyu
kafin ta zauna wa Tanimu, ɗan mai shayin bakin tasha,
yaro kamar sillen kara,
amma tun yana jefa wa fasinja burodi ta tagar danfo
hannunsa bai san kuskure ba.

Ta biyar da ta shida ba na son tunawa.
Gwiwar Sha'aibu.
Albashin wata uku da ya zama sai gobe.
Matata tana kwashe tuwo tana cewa,
"Mudi, bashin 'yan gwandan nan
shi zai mayar da mu Gumel a ƙafa."

Sai bana.
Ban san ranar da abin ya juya ba.
Na dai lura da rigunan da ake kawo mini:
laka ta bar baya, ta dawo ƙirji.
Wanda aka kayar yanzu gaba yake faɗuwa,
ya saci taku ɗaya kafin ya sha ƙasa.
Muka ci Apapa, muka ci Ikorodu,
muka je Ibadan muka dawo mota tana rawa.

Asabar ta ƙarshe, hadari ya haɗo daga teku,
suna gabanmu da maki huɗu,
saura daƙiƙa tara, gwaji na huɗu.
Tanimu ya ja baya taku uku,
wani ƙato ya riga ya damƙi wuyan rigarsa,
ya saki.
Ƙwallo ta tashi tana juyi kamar mazari,
Dele yana can ƙarshen fili, hannuwa a sama.

Ban ga kamun ba.
Mai gyaɗar da ke gabana ta miƙe da farantinta.
Ihu ne ya gaya mini,
sai gyaɗa da ta zubo mini a ka.

Ran Litinin Koci ya zo da buhu, da ambulan mai kauri,
ya biya har kuɗin rezar nan.
Lamba bakwai ta yage daga wuya zuwa hammata.
Tanimu ya ce kada in taɓa ta, haka zai rataye ta.
Na ce to.
Da ya sha kwana na lashi zare, na nemi kafar allura.
Baɗi ma ana wasa.