Gardama a Hawa na Huɗu

A Tampere rana kan yi sallama tun ƙarfe uku,
ta bar mu da fitilu da dusar ƙanƙara a bakin taga.
Ni ma'aikaciyar jinya ce, aikin dare nake,
barcina na rana ne, in an bar ni.
Ba a barina.

Mijina Veikko, direban taragon cikin gari,
kunnensa na hagu ya mutu yana ɗan ashirin da biyu
a gaban wata lasifika mai tsayin ƙofa,
har yau da alfahari yake ba da labarin
kamar sojan da ya dawo da tabo.
Faifan rok ɗinsa ɗari uku da sha ɗaya.
Na ƙirga su ranar da muka yi ƙaura,
ƙuguna ma ya ƙirga.

Ya ce da 'yarmu Vilja:
"Wasannin bidiyon yanzu? Ki biya Yuro saba'in,
ki kunna, ya ce dakata, bai gama isowa ba,
awa huɗu yana sauka kamar tsoho a matakala.
In ya sauka, takobi sai kin saya,
hula sai kin saya.
Kasuwa ce kawai aka shafa wa fenti."

Ta ce, "To naka fa, Baba?
Ƙarti huɗu da gashi har gadon baya
suna ihu kamar an take musu ɗan yatsa,
jita ta yi kuka minti tara ba ta ce komai ba.
Nawa akwai teku a ciki, da garin da ke nutsewa,
da wata mai tsaron hasumiya
wadda in ka yi mata ƙarya ba ta mantawa."

"Inji ne ke tunawa."
"Naka ma roba ce ke juyawa."

Kofina ya huce a hannuna.
Kowa da kiwon da ya karɓe shi, haka ne,
sai dai a gidan nan kuraye biyu ne,
ni ce akuyar.

Wata Talata aka sallame ni da wuri.
Ƙarfe huɗu na asuba na murɗa makulli,
na ga shuɗin haske na tsiyaya ta ƙasan ƙofar falo.
Veikko ne, da safa ƙafa ɗaya,
tabarau a kan karan hanci,
ya riƙe madannin wasan kamar ɗan tsako,
talabijin ya yi gum, ya kashe masa murya,
faifai na juyawa can ƙasa-ƙasa.
Shekara ashirin da aure
ban san kiɗan nan ya iya raɗa ba.

Ɗan mutumin cikin allo ya zabura,
ya yi tsalle, ya rufta ƙasan gada.
"Sau nawa?" na ce.
"Talatin da bakwai. Kar ki faɗa mata.
Gadar ce ba ta da adalci.
Amma akwai inda gangar nan ke shigowa,
in na yi tsalle tare da ita
saura ƙiris in haye."

Ban faɗa ba. Injin ne ya tona shi.

Da safe ga takarda manne a jikin firji:
"Danna sau biyu kafin ka yi tsalle.
Faifan nan mai jan bango, waƙa ta uku, ba laifi.
Sauran dai hayaniya ce."

Ya karanta, ya sake karantawa,
ya juya mini kunnen mai rai.
"Ta uku? Ta uku ai ita ce lami a faifan!"
Ya nufi ɗakinta yana kiran sunanta.

Ni kuwa na ja labule a kan guntuwar ranarmu,
na cusa auduga a kunne,
duka biyun.