Haƙoran da Ba Sa Ganin Rana

Hammayo ya kawo ta da hantsi,
ja, mai kwanciya kamar damisa.
Ya ce daga Kumo ya iso Tumfure
shayin da ke kofinsa bai huce ba.
Na ce madalla. Yaro, kawo jak.

Ni ba na kallon fenti.
Shekara talatin da ɗaya ina kwance ƙarƙashi,
bayana ya san tsakuwar garejin nan
fiye da katifar ɗakina.

Akwai wata tukunya tsakanin tayoyin baya,
baƙa, ba mai goge ta ranar Juma'a.
A cikinta haƙora ke rabon ƙarfi.
Ka taɓa ganin shanun huɗa a ƙarshen kunya?
Na ciki ya taka kaɗan,
na waje ya zagayo da nisa,
karkiya ɗaya, ba wanda ya ja ɗan'uwansa.
Mahaifina a Kwami ya san wannan
bai taɓa riƙe sifana ba.

Na kwance notin ƙasa.
Man ya zubo ba yauƙi, ba nauyi,
baƙi ƙirin, yana warin ƙauri
kamar tuwon da aka manta a murhu.
Maganaɗisun noti ya yi gemu,
garin ƙarfe tsaye cako-cako.
Na shafa a tafin hannun Hammayo,
na ce, ga motarka nan, tana cin kanta.

Ya ce, ai injin sabo ne, Baba Jungudo,
an ƙara masa ƙarfi a Legas.
Na ce shi ne ai.
An ba doki hatsi mudu goma,
an bar shi da tsohuwar majanyi.

Ramin numfashinta ma a toshe.
Zanzaro ya yi gini a ciki,
laka ƙwaya ɗaya, ba ta kai gyaɗa ba,
zafi ya rasa ƙofa, ya bi ta roba,
mai ya riƙa ɗiga a hanyar Dadin Kowa
ɗigo-ɗigo, ba wanda ya waiwaya.

Tayar dama sabuwa, ta hagu ta suɗe.
A miƙaƙƙen titi ma
haƙoran na zaton kwana ake sha,
ba hutu, ba ranar kasuwa.

Ya ce yana jin wani kuka
idan ya ɗaga ƙafa daga totur,
sai ya ƙara sautin rediyo.
Na yi shiru. Me zan ce?
Boris ba ya iya magana, kuka ya iya.

Na shafa shuɗi a haƙoran babban faranti,
na juya da hannu a hankali,
na duba inda suka sumbaci juna.
Tsakiya ake so.
In sun matse, su ƙone,
in sun yi nisa, su fasa juna.
Tazarar ba ta fi silin gashi biyu ba,
ita ke riƙe da ran mutum a gangaren Kaltungo.

Na zuba mai mai kauri har bakin rami,
na ce, bar ta ta ɗumama da safe,
kada ka fizge ta kamar ɓarawon akuya.
In an ɗaura aure, abokai sun taru,
suna ihu ka juya ta ta yi hayaƙi,
ka tuna taya ɗaya ke rawa,
haƙora goma ke biyan kuɗin kiɗa.

Ya biya, bai nemi ragi ba.
Ya fita a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai,
har ya wuce mai facin taya,
har ya wuce masallacin kwano.

Can wajen shataletale na ji ta yi ruri.

Na zuba garin ƙarfen a gwangwanin madara,
na rubuta sunansa da alli,
na ajiye kusa da na sauran.