Gishiri Daidai

Da la'asar, in wuta ta ga damar zuwa Mai Wurno,
Rumasa'u kan juyo da talabijin bakin ƙofa
don in hango daga gindin murhu.
Ga shi nan, mai doguwar farar hula,
yana yanka albasa ba ko ƙwalla.
Albasar da ba ta sa kuka, 'yar nan,
ta ina za ta sa daɗi?

Madafinsa fes, kamar ɗakin tiyata.
Ba kaza mai leƙe, ba ƙuda,
ba yaro riƙe da zani yana Iya, yunwa.
Tukunyarsa ba ta san baƙin gindi ba.
Komai an zuba a 'yan kwanoni, an jera masa.
Wa ya daka? Wa ya tankaɗe? Wa zai wanke?
Ita nake so a nuna min,
ta bayan labule, mai hannu cikin kumfa.

Ya tura kaza cikin wuta, ya yi murmushi,
a yi tallan ganyen shayi, a dawo,
wai har ta nuna!
Ni waken ful ɗina tun isha'in jiya
yake gunaguni a kan gawayi,
bai sauko daga fushinsa ba sai da ladan ya yi assalatu.

Rabin cokali, in ji shi. Minti bakwai.
Inna Dubu da ta koya min shafa kisra
ba ta da agogo, sai kunne.
In ƙullu ya bar tsaki a kasko, ɗaga.
Ga tabon a ɗan yatsana,
shi ne takardar shaidata.

Ran nan wata ta tuƙa asida da inji,
ta ɗora mata na'ana'a kamar ɗaurin kallabi,
ta ɗiga miyar kuɓewa, ɗigo uku,
a gefen faranti mai faɗin faifai.
Na ce wannan na mutum ne, ko na tsuntsu?
Mu tara ne a kan tire guda,
in baƙo ya faɗo daga Sinnar, goma.
A ƙara ruwa a miya, a ƙara bisimilla.

Kuma da sun ɗanɗana, sai lumshe ido.
Ban taɓa jin wanda ya ce kash, ya zarce ba.
Ni na ƙona godo-godo ranar sunan Tukur,
har yau mata na ba ni labarin ƙaurinsa.

To, haka nake ta zuba,
sai shekaranjiya yarinyar ta zo da littafi da biro.
Ta sami gurbin karatun jinya a Bur Sudan,
motar Asabar za ta bi.
Iya, miyar gyaɗarki, faɗa min in rubuta.
Gishiri nawa?
Na ce daidai.
Daidai nawa?
Na buɗe tafin hannu, na duba.
Shekara hamsin yana sani,
bai taɓa gaya wa bakina ba.

Ta yi dariya, ta rufe littafin.
Ni ban yi ba.
Hannu ba ya shiga jaka,
ba ya bin wayar salula.

Da gida ya yi tsit, na kunna 'yar fitila,
na ɗebi gishiri yadda na saba,
na juye a cokalin shayi, a hankali, kamar mai sata.
Ɗaya, da ɗan abin da bai kai rabi ba.
Na sake. Haka dai.

Mai farar hula, kada ka ji daɗi,
albasarka har gobe ƙarya ce.
Amma gobe da la'asar, in wuta ta zo,
zan matso da kujera,
in ga yadda kuke kiran abin da bai kai rabi ba.