Finjali Biyu

Batula, gahawa ta tafaso,
na jera finjali biyu kamar kullum.
Naki ne mai tsaga a baki,
ban yarda jikoki su taɓa shi ba.

Kin tuna Maiwurno, bakin Nilu,
muna 'yan mata muna wanki,
ruwa ya ja mayafina, kika bi shi har wuya,
kika fito kina tari kina zagina?
Tun ranar kike bina bashi.

Kaka huɗu muna tsinkar auduga a Jazira,
buhu ɗaya, kaushin hannu ɗaya.
Ke kika riga ni aure. Ni na ƙunsa miki lalle,
hawaye ya sa na ɓata ƙafar hagu,
kika ce bar shi, ango ba ƙafa zai duba ba.

Sai Madani. Ke da murhun shayi a bakin tasha,
ni da farantin gyaɗa ina ƙorafin rana.
'Yata ta fari a hannunki ta faɗo.
Naki uku ƙasa ta karɓe tun ba su yi haƙori ba.
Na rasa abin faɗa,
sai na turo miki Sa'adatu ta kwana ɗakinki.
Har yau ke take kira Inna,
ni kuwa sai ta ce Kubura, gatsal.

Mun yi faɗa, ba na ɓoyewa.
Kuɗin adashi ne, fam nawa ma?
Shekara biyu ina sauya hanya in na hango ki.
Ranar da aka fita da Malam Ɗahiru,
kafin maza su dawo daga maƙabarta
sai ga ki a madafina kina yi wa masu gaisuwa kisra.
Ba sallama, ba ban haƙuri.
Kika ce, "Ina gishiri? Kullum sai kin sauya masa wuri."

Yanzu ɗan da Allah ya bar miki ya kai ki Jidda.
Muryarki na zuwa ta waya, rabi tari rabi tsegumi:
wai gahawar can ba citta,
wai gwiwa ta hana ɗawafi sai a keke.
Ni ma ido ya fara yi mini rowa,
zare da allura sun daina shiri.

Na sha nawa. Naki ya huce.
Na san ki da ƙin ɓarna, don haka zan shanye.
Ki haɗa da na mayafi,
in mun gamu, nan ko can, sai mu yi lissafi.