Zoben Roba

A Gdańsk, a layin garejin da ke bayan benenmu,
ƙofar ƙarfe ta sha bakwai ita ce tawa.
Nan na ƙarar da Asabar ina ɗaura sabon bututun mai,
na alminiyon, shuɗi, yana ƙyalli kamar bayan kifi,
mako uku na jira shi kafin ya iso a kwali.
Na kamfani kuwa, baƙi, mummuna,
wanda shekara sha tara bai taɓa saɓa mini ba,
na wurga shi ƙarƙashin benci, ko na gode babu.

Na murɗa makulli rabi.
Famfo ya yi ƙugi a ƙarƙashin kujerar baya, ya yi shiru.
Sai wari.
Kafin ido ya gani, hanci ya riga ya kai ƙara:
ɗis, ɗis, daga wuyan injekta ta uku,
fetur na silalowa kan inji.

Na ƙara ɗaure noti. Yoyo ya ƙaru.
Na naɗa farin tef. Bai fasa ba.
Ni Radomir, da ke ƙera haƙoran roba Litinin zuwa Juma'a,
ni da bakunan mutane ke rufuwa daidai a hannuna,
yau ga bakin ƙarfe ya gagare ni.

Sai ga Pani Bogumiła ta hawa na biyu,
da silifas a kan dusar ƙanƙara, da kwat ɗin marigayi mijinta.
Shekara talatin da ɗaya ta yi tana haɗa bututu a cikin jiragen ruwa.
Ba ta gaishe ni ba.
Ta fizge wayar hita daga bango.
"So kake mu kwana a lahira, ni da kai da kyanwata?
Wangale ƙofar. Cire kan batir."

Sanyi ya shigo ya samu wuri ya zauna.
Na tara tsumma, na sassauta, matsi ya huce,
na zare bututun a hankali.
Ta ɗaga injektar ta haska da tocila:
zoben roba, ko yatsar jariri ba zai shiga ba,
ya tsage a gefe, tsagin da farce ma sai ya yi lalube.
"A bushe ka cusa shi.
Abin da ƙarfi ya ɓata, ƙarin ƙarfi ba ya gyara shi."

Ta warware tef ɗina tana tsaki.
"Wannan haɗi baki da baki yake kamawa, ba da zare ba.
Tef ɗinka gutsurewa zai yi, ya bi mai, ya toshe maka hanya."
Ta gwada tsoho da sabo a kan benci:
ƙafafun sabon sun ɗara da kaurin tsabar kuɗi,
shi ya hana injekta zama daram.
Ta miƙo mini magagari.
A nan dai hannun mai haƙora ya yi rana,
na goge, na auna, na sake gogewa,
har ta ce "to", kuma ba ta cika faɗin to ba.

Sababbin zobba, ɗigon man inji a kan kowanne.
"Murza, kada ka danna. Bar shi ya shiga da kansa."
Noti kaɗan nan, kaɗan can, kada wani ya riga wani.

Farar takarda a ƙarƙashin kowace injekta.
Na mayar da batir, na murɗa makulli sau uku.
Ta runtse ido, ta sunkuya, ta shaƙa.
Takarda fara fat.
Na tayar da inji, muka tsaya minti goma muna karkarwa,
ba ɗis.

Na ce nawa ne. Ba ta amsa ba,
ta durƙusa ta jawo tsohon bututun,
ta goge shi da hannun kwat, ta rataye a ƙusa.
"Wannan bai yi maka komai ba."

Sai da ta kai bakin ƙofa ta waiwayo,
ta ƙwanƙwasa haɓarta da yatsa:
"Na ƙasan nan, in na ciji tuffa, motsi suke.
Talata zan zo. Kuma kada ka sa musu tef."