Gurasar Da Ba a Zaɓa Ba

Ƙarfe uku na dare, ƙauyenmu na barci a gefen Nilu,
ban da ni da injin ban-ruwan Fahim da ke tari a gonar rake.
Na wanke hannu har gwiwa, na tuɓe takalmi.
Ɗakin tanda yana bayan coci, ɗan tsukut,
in na miƙe sai kaina ya gaisa da rufi.

Garin alkama, ruwa, yisti. Gishiri ko ƙwaya ba a sawa.
Shekara ashirin da shida ina cuɗa wannan ƙullu,
bakina na bin addu'o'in da kakana ya bar mini.
Wata rana addu'a kan ɗauke ni kamar kwalekwale,
wata rana ni ke ɗaukarta kamar buhun albasa.
Yau buhu ce.

Na danna hatimi, gicciye ya fito a fuskar kowace.
Na ɗauki tsinke, huda biyar-biyar:
uku na ƙusoshi, ɗaya na ƙaya, ɗaya na mashi.
A kan ta ƙarshe hannuna ya zame.
Nazir ne ya faɗo mini,
ƙanena, ciki ɗaya,
wanda dabino guda a iyakar gona ya raba mu.
Shekara tara ba ko sannu.
Dabinon ma tsutsa ta cinye shi tun bara waccan,
kututture muke gadi.

Da safe na jera bakwai a kwando.
Abuna Armiya ya juya su ɗaya-ɗaya, yana shinshinawa,
yana neman wadda ba tabo, ba tsaga,
wadda za a kira Ɗan Rago.
Ya ɗauki ta tsakiya.
Mai tabon tsinke ya dube ta, ya dube ni, ya mayar.

Turare ya turnuƙe, kuge na amsa waƙa.
Aka ce a yi wa juna gaisuwar salama.
Na taɓa tafin na damana, na taɓa na na haguna.
Nazir na layi na uku a bayana,
na san tarinsa, irin na babanmu ne.
Wuyana ya ƙi juyawa.

Ya Almasihu, ni na faskara itacen, ni na gasa ta,
amma tun da ta hau bagadi ta daina zama tawa.
Gari da ruwa na kawo,
jikinka ake miƙo mini.
Ka yarda an kakkarya ka don mu ci,
ni kuwa kalma ɗaya na kasa gutsurawa.
Ashe hadayar da ka nema a wurina ba a tanda take ba,
tana maƙale a maƙogwarona.

Mutane suka yi layi zuwa ƙoƙon.
Azumi tun tsakar dare na murɗa cikina,
amma ban tashi ba.

Da aka sallami jama'a, Abuna na bakin ƙofa
yana gutsura wa kowa lomar albarka daga ragowar.
Ni sai ya tura mini guda sukutum,
mai tabon nan. Bai ce uffan ba.

Gidan Nazir na bayan kantin magani, ƙofa shuɗiya.
Sau biyu na wuce ta.
Wata yarinya ta buɗe, Damiyana, wadda ban taɓa ɗauka ba,
ta ce, "Wa za a ce?"
Na rasa sunan da zan ba ta.

Ya fito, ya tsaya, furfura ta riga ni zuwa gemunsa.
Ya daɗe yana duban abin da ke hannuna.
"Ta ɗan ƙone a gefe," in ji shi.
Na ce tandar ce, tana cin hagu.
Ya ce a ɗora shayi.

Ba mu taɓo maganar dabino ba.
Ya karya, ya miƙo mini ɓangaren da ya fi girma,
yadda uwarmu kan yi.
Gurasar ba gishiri,
amma na ji gishiri a bakina.